Kwalbatin da Ba na Kowa Ba

Shekarun baya, tun ina sabon malami a wata sakandare ta kuɗi a Gwarzo, darasin Gwamnati nake koyarwa, kuma babu hirar da take yi mini daɗi a lokacin kamar ta yadda Amurka ke tafiyar da mulkinta. A jami'a na ɗauki kwas a kan haka, na ci shi da kyau, shi ke nan na dawo gida kaina ya kumbura. Ban taɓa hawa jirgin sama ba, ko Legas ban taɓa takawa ba, amma in ka same ni a majalisarmu ta gindin darbejiya bayan la'asar, sai ka rantse a can aka yanke mini cibiya.

Ina gaya musu cewa a can kowace jiha da nata tsarin mulkin da nata dokokin, ƙaramin gari ma da 'yan sandansa da masu kula da makarantunsa, kuma mutanen garin ne ke zaɓen da yawa daga cikinsu. Ina gaya musu an rubuta ƙarara cewa majalisar dokoki ba ta da ikon yin dokar da za ta rufe bakin mutum ko ta jarida. Yawancinsu jira suke in numfasa su koma hirar ƙwallo. Mutum ɗaya ne yake saurarona da gaske, shi ne abokina.

Tare muka yi makarantar kwana da shi. Ɗan wani ƙauye ne da ke tsakanin Kabo da Gwarzo, yana noma tare da 'yan'uwansa, amma aikin jarida ne a ransa. Yana aika wa wani gidan rediyo na Kano labarai ta waya: farashin hatsi, gobara, tsutsar da ta faɗa wa masara. Ba albashi suke ba shi ba, shi dai in ya ji an ambaci sunansa a labaran yamma, ranar ko tuwo bai ci ba ya ƙoshi. Mahaifinsa malami ne, yana karantar da manya littattafai a zaure da safe, yana da Islamiyyar yara da yamma. Duk yankin an san shi da abu ɗaya, ba ya zuwa ƙofar mai mulki. In an aiko masa da shinkafar azumi, a ƙofar gida yake sa a raba wa maƙwabta, ba ta kwana.

A hanyar burjin da ta haɗa ƙauyensu da kwalta akwai wani kwalbati a kan rafi. Ba a daɗe da yin sa ba gefe ɗaya ya zube, mutane suka jera itace da buhunan yashi suna lallaɓawa. Wata damina baffan abokina ya taho da amalankensa cike da taki, ƙafar amalanken ta zame, sa ɗaya ya karye. A nan bakin rafin aka yanka shi, aka sayar da naman yadda ya samu. Shanun huɗarsa ke nan guda biyu, kuma ga noma ya kama. Abokina ya ce bai taɓa ganin dattijon ya yi hawaye ba sai ranar.

Sai ya shiga tambayar wanda ke da alhakin kwalbatin. Ofishin da ke kusa suka ce hanyar ta haɗa ƙananan hukumomi biyu, saboda haka ta fi ƙarfinsu. Ya shiga Kano, aka ce masa ai wannan aikin daga tarayya ya zo, ta hannun wani ɗan siyasa mai ƙarfi a yankin. Ya nemi yaran ɗan siyasar, suka ce su sun gama nasu sun miƙa, gyara kuma na mutanen ƙasa ne. Ya dawo inda ya faro, takalminsa ya sha ƙura.

Ranar kasuwa ya zo majalisa ya kwashe mini duka. Ni kuwa na gyara zama, na ce masa ai wannan shi ne tarayya a kife. Waɗanda muka kwaikwayo sun raba iko ne don kowa ya san aikinsa, talaka kuma ya san wuyan rigar da zai kama, mu kuwa mun raba ne don kowa ya sami wanda zai nuna da yatsa. Maganar ta yi mini daɗi a baki har na maimaita ta. Shi bai yi dariya ba. Ya tambaye ni, in ya ɗauki bidiyon wurin ya saka a shafinsa, ko ya yi laifi.

Na ce babu laifi ko kaɗan. Na je na ɗauko tsarin mulkinmu na Najeriya na nuna masa inda aka ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, da inda aka ɗora wa 'yan jarida bin diddigin masu mulki. Na ƙara masa da cewa a Amurka mai muƙami ba ya cin nasara a kan ɗan jarida a kotu sai ya tabbatar da cewa da gangan aka yi masa ƙarya, ko ba a damu da a bincika ba. Duk abin da na gaya masa gaskiya ne, har yau ban ga kuskure a ciki ba.

Bidiyon gajere ne. Ya tsaya a bakin rafin, ya nuna ramin, ya nuna allon da aka kafa mai cewa an kammala aiki, da sunan wanda ya kawo shi. Baffansa ya ba da labarin sansa. A ƙarshe abokina ya dubi waya ya ce su dai so suke a gaya musu na wane ne kwalbatin nan, don su san wanda za su roƙa. Babu zagi, babu habaici. Kafin a ce haka ya zagaye wayoyi, gidan rediyon nan ya saka muryarsa, 'yan ƙauyensu suna tare shi a hanya suna sa masa albarka. Ni ma na sami rabona, a majalisa ina ta cewa ga aikin ɗalibina.

Bayan 'yan kwanaki aka ɗauke shi a bakin kasuwa, da rana tsaka, a gaban mutane. Aka ce ɗan siyasar ne ya kai ƙara, wai an ɓata masa suna an kuma tunzura jama'a.

Na sa littafin tsarin mulki a aljihu na tafi inda ake tsare da shi. Na shirya za a yi mini tsawa in mayar da martani, sai jami'in da na samu ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama karanto sassan da na ja wa layi. Sannan ya ce, “Malam, duk abin da ka faɗa haka yake, ni ma na karanta. Amma wanda ya kawo ƙarar shi kaɗai ne zai ce a sake shi. Ku je ku gan shi.”

Na kira gidan rediyon. Wanda ya ɗauka ya ce ai abokina ba ma'aikacinsu ba ne, mai sauraro ne kawai da ke turo saƙo. Da yammar ranar suka saka wani shiri da aka saya, ana ta yabon ayyukan ɗan siyasar. Wani lauya da na samu ya ce shari'ar mai sauƙi ce, za a ci, amma in sa a raina za a iya tura shi gidan yari kafin a fara, kuma ɗage zama ba shi da iyaka. A ƙauye kuma iska ta juya. Waɗanda suka sa masa albarka suka fara cewa ya jawo musu, bana ko buhun taki ba za su gani ba. Baffan nasa da kansa ya ce shi bai san ana ɗaukarsa ba. Ban riƙe shi a raina ba, mutum ne da aka bar shi da sa ɗaya da 'ya'ya cike da gida. Mahaifiyar abokina kuwa ta daina cin abinci.

Wata safiya mahaifin abokina ya aiko in zo da babur ɗina. Na same shi ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya sallami ɗalibansa. Ya ce in kai shi gidan ɗan siyasar.

Tun hantsi muka isa. Aka nuna mana benci a ƙarƙashin rumfa, cikin masu jiran a ba su na cefane da masu kirari. A nan muka yi azahar. Cikin masu shige da fice akwai wanda a zauren Malam ya yi karatu, ya wuce mu ya fi a ƙirga yana duban wayarsa. Malam kuwa carbinsa kawai yake ja. Sai bayan la'asar aka ce mu shiga.

Mutumin ya taso da sauri, ya durƙusa har ƙasa, yana cewa Allah ya gafarta Malam, ai da aike aka yi masa da ya zo da kansa, wallahi ba a gaya masa ba. Ta tagar falon ana hango bencin da muka wuni a kai.

Malam ya ce, “Alfarma na zo nema. Yaro ya yi kuskure, a yi haƙuri.”

Na dubi ƙasa. Mutumin ya ce ai komai ya wuce, ɗan Malam ɗansa ne, sai dai yaron ya fito ya gyara abin da ya ɓata. Kafin mu tashi aka kira mai hoto, aka tsayar da Malam a gefensa. Ba mu kai gida ba hoton ya fita, an rubuta cewa babban malami ya kai ziyarar goyon baya.

A hanyar komawa, da muka zo kwalbatin, dole ya sauka ya taka da ƙafa, ni kuma na tura babur ɗin a kan itatuwan. Da muka haye ya tsaya yana gyara rawaninsa, ya ce, “Ɗana, a ƙasar nan da kake ba su labari, in an kama yaro a kan gaskiya, ina ubansa yake zuwa?”

Na ce kotu, Baba.

Ya gyaɗa kai, ya ce, “To, Allah ya nuna wa jikokinmu.” Ya hau muka tafi.

Washegari aka saki abokina. Ya yi bidiyo na biyu, yana tsaye kamar wanda aka jiƙa, yana cewa bai yi bincike ba, yana neman afuwa. Gidan rediyon da bai san shi ba ya saka wannan a labaran safe da na yamma, da cikakken sunansa. Ya rufe shafinsa. Kwalbatin kuwa mutanen ƙauyen ne suka yi gayya da rani suka gyara abinsu, da zaɓe ya matso aka zo aka sake fentin allon.

Yanzu abokina yana sayar da iri da maganin feshi a Kabo. Muna zumunci, bai taɓa cewa ni na zuga shi ba, amma ba ma hirar gwamnati. Daga baya ni ma na ƙara karatu, na gane can ɗin ma ba aljanna ba ce, ana kama 'yan jarida, ƙananan jaridu suna mutuwa, mai kuɗi yana sayen murya. Sai dai har yanzu ina ganin akwai bambanci tsakanin inda ake tauye maka haƙƙi ka tafi kotu, da inda ake tauye maka ka tafi ba da haƙuri. Mun kwafo rubutun tsaf, babu abin da muka bari. Abin da ba mu samu ba shi ne mutanen da za su tsaya a bayan rubutun ranar da aka taɓa ɗaya daga cikinmu. Har yau ina koyar da darasin nan, don yara za su rubuta shi a jarrabawa. Ina rubuta 'yancin faɗin albarkacin baki a allo da hannuna, amma na daina ɗaga murya in na zo wurin.

Da Malam ya rasu, yaran ɗan siyasar suka sake fito da hoton nan, suka ce sun yi rashin uba kuma masoyi. A zaman makoki na zauna kusa da abokina a zauren. Da mutane suka ragu, ya ce mini shi kwanan da ya yi a tsare bai dame shi ba, ya manta da shi. Ya nuna mini buzun da mahaifinsa yake zama a kai, ya ce tun daga ranar da muka je gidan nan, duk lokacin da karatu ya kawo babin shaida da faɗin gaskiya, sai Malam ya miƙa wa babban ɗalibinsa littafin ya ce ya ja musu, shi ya tashi ya shiga gida. Haka ya yi har ya koma ga Allah.