Anti Kati Ta Koma Aji

Shekara ashirin da uku ta yi a ɗakin kati na asibitin, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Daga likita har mai shara, kowa Anti Kati yake ce mata. Ɗakin ɗan ƙarami ne, da taga ɗaya inda marasa lafiya ke zuro hannu, sai kantocin ƙarfe har sama, maƙil da katunan da gefensu ya yi baƙi don shan yatsu. Ko ka manta lambarka, tana kallon fuskarka za ta juya ta miƙa hannu ta zaro naka. Su uku ne a wurin, ita da wani da ake kira Dogo da wata yarinya da ba ta daɗe da zuwa ba.

Wata Litinin manaja ya kira su ofis, ko kujera bai nuna musu ba.

"An sayo manhaja," ya ce. "Katunan nan duk za su koma cikin kwamfuta, mutum ɗaya ya isa. Kuma ba mai danna maɓalli kawai nake so ba. Wanda in an ce a ƙara wani abu a katin zai buɗe cikin manhajar ya ƙara, ba sai mun jira kamfani ba. Za ku yi kwas na sati shida. Wanda ya fi maki, shi zai zauna."

"Ranka ya daɗe," in ji Anti Kati, "ni da saƙon waya ma sai na sa tabarau na yi ta fama?"

"Anti, ni ma daga sama aka ba ni umarni."

Ta fito tana tunanin gida. Mijinta direban babbar mota ne a da, shekara huɗu kenan da ɓarin jikinsa ya shanye. Asibitin ne ke duba shi saboda shi mijin ma'aikaciya ne, sau biyu a sati ake motsa masa hannu da ƙafa, a can ake ba shi magani. Ranar da aka sallame ta, ranar za a rufe masa wannan ƙofar. Da ta koma gida ya tambaye ta aiki, ta ce lafiya lau, ta gyara masa matashi ta wuce kicin.

Ana yin kwas ɗin da yamma a saman wani shagon gyaran waya. Kwamfuta goma sha biyu, fanka ɗaya mai ƙara kamar ana jan kujera. Malamar kuwa ba za ta girmi autar Anti Kati ba. Ita tana ce mata Malama, malamar na ce mata Mama, kowacce na jin nauyin 'yar'uwarta.

Sati uku na farko ta lallaɓa. Da yatsa biyu take bugawa, ta manta waƙafi, na'ura ta watso mata jan rubutu, ta goge ta sake. A sati na huɗu malamar ta rubuta kalmomi uku a allo, ta karanta: kilas, obijek, metod.

Anti Kati ta ɗaga hannu. "Malama, kilas ai wannan ne da muke zaune a ciki."

Aji ya kwashe da dariya, har Dogo sai da ya sunkuyar da kai. Malamar ta danne tata dariyar ta ce a'a, ta kawo misali da mota. Ta ce Mota kilas ce, motar wane obijek ce, tafiya da tsayawa metod ne. Anti Kati ta rubuta komai a littafinta layi-layi, amma ko ɗaya bai shiga ba. Mota ai mota ce, ina aka samo wata motar da ba ta kowa ba? A gwajin ƙarshen satin ta ci uku cikin ashirin. Ta shiga bayi ta kunna famfo don kada a ji, ta yi kuka sosai, ta wanke fuska ta fito ta ce mura ce.

Ba ta da kwamfuta a gida. Lokacin cin abincin rana sai ta zauna a bayan kantoci ta riƙa kwafe darasin a bayan tsofaffin takardu, tana haddacewa kamar mai shirin ba da shaida a kotu. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya daina shiga. Sau biyu ta ba mutum katin da ba nasa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta koma wurin manaja ta roƙe shi ko shara ce a ba ta, in dai sunanta zai zauna cikin ma'aikata. Ya ce sharar ma wani kamfani aka ba.

Ranar Laraba wata mata ta zo da tagwaye jarirai za a buɗe musu kati. Anti Kati ta zaro sababbi biyu daga kwali. Iri ɗaya ne sak: gurbin suna, gurbin shekaru, gurbin rukunin jini, duk fanko. Ta cike na farko, ta ɗauki na biyu, sai hannunta ya tsaya.

"Lafiya, baiwar Allah?" uwar ta tambaya.

"Lafiya lau. Me kika ce sunan ƙanin?"

Da yamma ta riga kowa zuwa aji. Ta ajiye katuna biyu a gaban malamar, ɗaya fanko, ɗaya ta cike shi da sunan ƙarya.

"Malama, don Allah kada ki yi min dariya. Wannan da ba a cike ba, shi ne kilas ɗin?"

Malamar ta juya katin. "Kusan haka ne, Mama. Kilas shi ne tsarin da ya ce kowane kati zai zo da suna da shekaru da jini. Shi kansa ba na kowa ba ne. Wannan da kika cike wa mutum ɗaya, shi ne obijek. Za ki iya fitar da dubu daga tsari ɗaya, kowane da bayanansa."

"To metod fa?"

"Me kike yi wa kati in yana hannunki?"

"In ƙara ranar zuwa. In canza adireshi. In mai shi ya rasu in rufe shi."

"Su ne metod. Ayyukan da aka rubuta a tsarin, kowane kati yana iya yinsu a kan nasa bayanan."

Anti Kati ta dafe tebur. Maimakon murna, haushi ne ya taso mata. "Haba 'yar nan! Kwana goma kina ce min mota, mota. Ni ko tuƙi na iya?"

Saura kwana tara jarrabawa. Mai gyaran wayar da ke ƙasa ya yarda ta riƙa taɓa tsohuwar kwamfutarsa minti talatin kafin aji, a tsaye, masu kawo gyara na ture ta.

Ranar jarrabawa tambaya huɗu aka ba su, awa ɗaya. Ta uku ta ce a gina kilas na majinyaci, a fitar da mutum uku daga ciki, a rubuta metod da zai ƙara maganin da bai karɓi mutum ba. Ta rubuta, ta sa wa na farko sunan wani magani, ta danna. Maganin ya fito a katin na farko, ya fito a na biyu, ya fito a na uku.

Ta goge, ta sake, haka dai. Saura minti goma sha biyu. Gumi ya jiƙa mata baya, tabarau na zamewa daga hanci. Dogo ya riga ya gama, yana kaɗa ƙafa. Ta ɗaga hannu, malamar ta zo ta kalli allon, ta ce a hankali, "Mama, yau ba ni da bakin magana," ta wuce.

Anti Kati ta rufe ido. A ɗakin kati, ta yaya rubutu ɗaya zai fito a katin kowa? Sai dai in wani ya yi shi a kan asalin takardar da ake kai wa masu buga kati. Ta buɗe ido ta duba. Ai kuwa jerin magungunan a saman kilas ɗin ta ajiye shi, inda kowa ke tarayya. Ta mayar da shi cikin sashen da ke cike wa kowane sabon obijek nasa bayanan. Ta danna. Na farko kaɗai ya fito da maganin. Ta soma karanta tambaya ta huɗu kenan aka ce lokaci ya cika, kowa ya cire hannu daga kwamfuta.

Dogo ne ya zo na ɗaya, shi aka ba kujerar. Aka sallami yarinyar a satin. Ita kuwa manaja ya kira ta, ya ce katunan da ke kantoci sai an shigar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ke iya karanta rubutun tsofaffin likitoci sai ita. Za ta zauna har a gama, wata takwas ko tara. Daga nan babu alkawari.

Ranar ce ta gaya wa mijinta komai, tana zaune a bakin gado tana matsa masa yatsu. Maganarsa ba ta fita sosai tun ciwon, sai ta matso da kunne.

"Na nawa kika zo?"

"Na biyu."

"Cikin mutum nawa?"

"Uku."

Ya yi dariya da rabin bakinsa har tari ya kama shi. Ita ma ta yi, hawaye na zuba, tana buga masa baya.

Yanzu kanta biyu sun zama fanko, saura bakwai. Duk katin da ta shigar, ta san ta rage wa kanta kwana, amma ba ta jan ƙafa. Ranar Asabar takan sa 'yar manhajar kati da ta rubuta da kanta a filashi, ta bi ƙananan asibitoci da shagunan magani tana tambaya ko suna neman mai riƙe musu bayanai. Wurare biyar ta je. Huɗu sun kalli furfurarta sun ce za su neme ta. A na biyar aka ce ta dawo sati mai zuwa, mai wurin ya yi tafiya.