Bangon da Tijjani ya miƙe

Shekara ashirin da biyu Tijjani yana ja wa mutanen Gazawa wayar wuta, ni kuma Idrisa ina ɗora bulo a gabansa. Mutum ne mai taurin kai, ba ya tambaya ko da ya ɓace. Da ya faɗo daga tsani ƙugunsa ya goce, sai ya tafi Maraɗi ya koyi zanen gini a kwamfuta, yana da shekara arba'in da bakwai. Mun yi masa dariya, har da ni.

Aikinsa na farko ya samu a Gangara: sabuwar lakol, wato makarantar boko, mai aji uku, da ɗan masallaci manne da ita. Injiniya Fadila ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa gwaji ne. Zanen da ya nuna hanyar tiyon waya ya kasance a hannunta kafin azahar, don da la'asar za mu zuba kankaren rufi. In ya gaza, ta nemi wani, shi kuma ya koma zaman gida.

Da hantsi na iske shi ƙarƙashin itacen bedi, gumi har wuya. Ya saita kwamfutar yadda duk inda tiyo ya kai kwana za ta sa masa gwiwa da kanta. A azuzuwa ta yi. Da ya iso masallaci kuwa ta ƙi, sai wani jan rubutu take fito masa da shi. Sau tara yana gwadawa.

Na je na duba masu kwaɓa siminti na dawo, na tarar yana murmushi.

"Malam Idi, na gano ta. Wanda ya zana ginin tun farko ne ya karkata bangon masallaci. Na miƙe shi, ga gwiwoyi duk sun zauna."

Na leƙa. Na ga bangon da ya taɓa.

"Tijjani, wannan bangon ni na gina shi, liman na tsaye a kaina. Alƙibla ce. Kai yanzu ka sa jama'a sallah suna kallon Damagaram."

Ya sake duba zanen. Da an bi zanensa, da tiyo ya fito a fili, nesa da bango da taku biyu, kuma kankare ba ya jin ban haƙuri. Ya mayar da bangon, jan rubutun ya dawo. Ladan ya fara gyaran murya don kiran azahar. Motar Fadila ta tsaya.

Wallahi na so ya yi ƙarya, ya ce batir ne ya mutu. Tausayinsa ya kama ni sosai.

"Madam, ban gama ba," in ji shi. "Kwanar alƙibla ta gagare ni, har na miƙe bangon, Idi ya tsawata mini. Ki nuna mini."

Ban taɓa jin kalmar "nuna mini" a bakinsa ba. Fadila ta dube shi, ta ja bulo ta zauna. Ta buɗe masa wurin saitin: ashe an ɗaure gwiwar a kan digiri casa'in da arba'in da biyar kawai. Ya sake wa gwiwar mara ta karɓi kowace kwana. Gwiwa goma sha ɗaya suka zauna lokaci guda.

"Wanda ya yi mini zane kafin kai, shi ma bangon ya miƙe," ta ce. "Ban sani ba sai da muka fasa rufi. Litinin ka same ni a Cadakori, akwai wani aikin."