Sodangi, Wanda Ya Sa Keke da Mota Suka Ji Juna

Da an idar da sallar asuba, kafin masu shayi su gama hura wuta, Malam Sodangi ya riga ya ɗaga ƙyauren rumfarsa da ke bayan tashar motocin Kurfi a Dutsin-Ma. Sai ya share bakin rumfar, ya ɗora ƙarfen narka dalma, ya goge tabaransa mai ƙafa ɗaya da gefen riga, sannan ya jera rediyoyin mutane a kan benci kamar marasa lafiya a layin asibiti. Shekara talatin da takwas ke nan yana haka. Ba shi da yawan magana. In ka kawo gyara ka cika shi da bayani, sai ya ɗaga maka hannu ya ce, "Bari ita ta faɗa mani da bakinta."

Na daɗe ina yi masa kallon mai gyaran rediyo kawai, irin mutumin da ba a tunawa da shi sai ranar da abu ya lalace. Na yi kuskure, kuma labarin Hudu ne ya ganar da ni.

Hudu abokinsa ne tun suna yara, mutumin Wurma, mai ɗauko harawa a keke ya kawo wa masu kiwo a Dutsin-Ma. Duk wanda ya san hanyar nan ya san yadda mutanenmu ke ɗaurin kaya: a gicciye, dami kan dami, har kayan su fi keken faɗi sau uku. Mai tuƙi ba ya iya waiwaye, madubi kuwa ganyen wake kawai yake nuna masa. Kunne ne kaɗai gatansa. To, Hudu kunnen ne ya fara yi masa nauyi. Shekara shida da suka wuce, a kwanar nan mai tsamiya inda direba ba ya hango gabansa, wata mota ta yi ta danna masa hon bai ji ba, ta ɗebi gefen damin ta watsar da shi cikin kwalbati. Allah ya sa da sauran kwana, hannu kawai ya karye. 'Yarsa Na'ima, ma'aikaciyar jinya, ta ɗaure keken da sarƙa da kwaɗo, ta rataya makullin a wuyanta.

"Baba, gara ka zauna kana fushi da ni," in ji ta, "da a kira ni in zo ɗaukar gawa."

Hudu ya zauna. Hannu ya warke, amma mutumin ya riƙa ramewa. Ranar da Sodangi ya je duba shi, ya tarar da shi zaune kusa da keken yana goge wayoyin tayar ɗaya bayan ɗaya. Sodangi ya dawo rumfa ya zazzage buhun matattun wayoyin hannu da aka bar masa.

Wata uku ya yi yana fama. Abin da ya fito da shi ba abin kallo ba ne: robar man shafawa guda biyu, kowacce da batir da 'yar eriya. Ɗaya a hannun keke, ɗaya kusa da sitiyarin mota. In sun kusanci juna, ko da kwana ta raba su, ta mota sai ta yi ƙara, ta keke kuwa sai ta sa hannun keken karkarwa irin ta waya. Mai kunne da mara kunne duk an gaya musu.

Direbobi suka karɓa don kunyarsa. Sati biyu ba a yi ba, ya leƙa motoci ya ga kowa ya cusa wa tasa tsumma. Atiku, direban da ya fi kowa baki a tashar, bai ɓoye masa ba.

"Malam, wallahi abin nan naka kuka gare shi kamar gyare. Mota na ƙara, waya na ƙara, fasinja na ƙara, kai ma ka ƙaro muna?"

A nan da yawanmu za mu naɗe tabarma mu ce mutane ba su son ci gaba. Shi kuwa sai ya zauna yana kallon tashar. Yana nan zaune ya ga Gwaggo Hawwa'u, mai tuwon da ta ciyar da rabin direbobin nan tun suna karen mota, ta daka wa Atikun nan tsawa don ya tsaya inda bai dace ba. Ƙaton mutum ya sunkuyar da kai ya gyara tsayuwa. Sodangi ya tashi ya nufe ta da wayarsa, ya roƙe ta ta yi magana kamar tana ganin direba zai taka mutum. Gwaggo ba ta nemi a maimaita mata ba.

"Kai ɗan nan! Sassauta! Uban wani ne a gabanka!"

Wannan muryar ya zuba a robobin maimakon kukan gyare.

Na'ima ta yarda ta buɗe kwaɗo na yini ɗaya tak. Ta zauna a gaban motar Atiku da sarƙar a cinyarta, Hudu ya yi gaba da daminsa. Ina cikin motar, da idona na gani. Ba mu kai tsamiyar ba muryar Gwaggo ta cika motar, ƙafar Atiku ta sauka kan birki kafin shi kansa ya sani. Da muka sha kwana, ga Hudu can ya riga ya raɓe gefen hanya, hannunsa ɗaya a sama yana ba mu hanya. Na'ima ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Sarƙar tana nan rataye a rumfar Sodangi har yau.

Ba zan ce kwanar ta zama lafiya lau ba, don baƙin motoci ba su da robar. Amma kekuna da yawa daga Wurma, Makera da Kuki suna ɗauke da ita, kuma ban ƙara ganin tsumma a ta kowa ba. Na ji wani fasinja yana rantsuwa cewa daga ƙasar waje aka kawo ta. Sodangi bai taɓa rubuta sunansa a jikinta ba.

Malam Sodangi, kai ne kunnen wanda kunnensa ya gaza. Kai ne ka gane cewa direban garinmu ba ya tsoron ƙara, amma yana jin kunyar wadda ta ba shi tuwo. Ina ƙaunarka saboda wannan, kuma ina jin kunyar shekarun da na yi ina wuce rumfarka ba sallama.

Ƙarshen watan nan Malam Sodangi zai rufe rumfa, don idanunsa sun daina ganin bakin dalma. Ya riga ya zauna da masu gyara uku ya nuna musu komai, bai rage ko waya ɗaya ba. Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya haskaka maka ido. Ku kuma masu sana'ar hannu, ku ɗaga kai daga benci ku duba, akwai wani Hudu kusa da ku yana goge keken da aka ɗaure.

Na tambayi Malam Sodangi yadda zai riƙa zuwa masallaci da duba ido in ya daina fitowa shi kaɗai. Ya nuna mini bakin rumfa. Hudu ne tsaye riƙe da keke, ya sauke harawa, ya ɗaura matashi a inda dami ke zama.