Ranar da Abokina Ya Nemi Faɗuwa Ya Kasa

Shekarun baya, bayan na kammala karatun lissafi a Lyon ina zaman jiran aiki, na shiga wata ƙungiya ta masu wasan kartar da ake kira foka. Bari in fayyace tun da wuri, domin na san za a tambaya: ba a zuba ko dala a wasanmu. Ana raba wa kowa ƙwandalolin roba daidai wa daida, wanda nasa suka ƙare ya tashi, wanda ya rage a ƙarshe ya ɗauki kofi. Akwai masu ganin ko hakan bai dace ba, kuma ban zo jayayya da su ba.

A wani kafe, wato shagon shan kofi, na unguwar Guillotière muke wasa ran Asabar, ni da abokina, ɗan Maradi, wanda muke hayar ɗaki ɗaya. Ni ba na tura ƙwandala sai na auna na sake aunawa. Shi kuwa hujjarsa kullum ɗaya ce: "Jikina ya ba ni." Malam Lissafi yake kirana. Duk da haka mu biyun muka samu gurbi a gasar ƙarshe ta Paris, muka hau jirgin ƙasa tare, ƙuri'a kuma ta zaunar da mu teburi ɗaya.

Ba a jima da farawa ba aka ba ni as biyu, wato kartar da babu wadda ta fi ta a farkon hannu. Na tura duk abin da ke gabana. Kowa ya janye, sai abokina. Ya buɗe bakwai da takwas. A irin wannan karo mai as biyu ne ke ci kusan sau huɗu cikin biyar. Na ce kusan, domin bai cika ba. Mai rabon karta ya jera biyar, shida da tara a tsakiyar teburi, suka haɗu da kartar abokina suka ba shi jeri daga biyar zuwa tara, wanda ya fi as biyu ƙarfi. Shirin watanni ya ƙare ko azahar ba a kira ba.

Al'adar wurin ita ce wanda aka fitar ya ba wanda ya fitar da shi hannu. Na ga hannunsa a miƙe, na ɗauki rigar sanyina na wuce.

Na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ban san inda na nufa ba, sai ga ni a unguwar Goutte d'Or. Na yi ta kai da komowa tsakanin masu kifi da shagunan atamfa, ina maimaita hannun a kaina. Kuskure nake nema, domin in na same shi zan iya gyarawa. Babu. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Waya tana ta ruri a aljihu, na ƙi ɗauka. Kafin la'asar na yanke shawarar sauya jirgin komawa, har na fara tunanin neman wani ɗakin haya. Abota ta tun daga Yamai nake shirin yankewa saboda bakwai da takwas.

A wani ƙaramin gidan abinci da muka saba zuwa in mun shigo Paris ya same ni, shinkafa ta huce a gabana.

"Malam Lissafi, gaba muke yi ke nan?"

"Me ya fito da kai? Ai ka fi kowa ƙwandaloli."

"Haba, mon frère, ɗan'uwana, ina kara? In kori mutumina in zauna ina cin kayansa?" Ya ja kujera ya zauna. "Cewa na yi bari in zubar in biyo ka. Na tura duka, ko kartar ban duba ba. Na ci."

Na ɗago kai.

"Na sake turawa a makance, na sake ci. Wani dattijo har ya cire tabarau yana kallona kamar mai tsafi. Can sai aka ba ni sarakuna biyu, na ce to, tunda abin ya nace, bari in yi wasa da hankali irin naka. A nan wata mata ta share ni tas." Ya ɗauki cokalina ya kai loma. "To auna mini wannan."

Na buɗe baki da niyyar bayani, dariya ta riga ni. Muka yi ta yi har mai abincin ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Jirgi ɗaya muka koma Lyon.

Na karanta a aji cewa awo mai kyau ba ya lamunce sakamakon karo ɗaya, har na ci jarrabawa a kai, amma ban yarda da shi a zuciya ba sai ranar. Yanzu idan na yi aiki da kula ya ƙi, nakan duba shi sau ɗaya in bar shi. In faɗi gaskiya, sau biyu. Kuma nakan ba da hannu kafin in tashi.

Abokina ya koma gida tuni, muna gaisawa duk Juma'a. Abu ɗaya ne har yau nake tuna masa, shi kuma yana dariya: wannan karar da yake tinƙaho da ita, da ƙwandalolina ya yi ta.