Ranar da Aka Hana Ni Goyo

Jikata ba ta taɓa taka ƙasa da ƙafarta ba. Shan-inna ya kama ta tana rarrafe, uwarta kuma tana shago a Alabar daga safe har magariba, sai goyon ya faɗo kaina. Makarantar allo a bayana ta je, ta boko ma haka, har aka samo mata keken guragu. Ko da keken ya zo, lungunanmu na Aboabo duk kwata ce da duwatsu. In mun iso inda taya ba ta wucewa sai in durƙusa in ce hau. Ni da na tsufa ina sauke kwandon goro daga mota, yarinya guda mece ce?

Da ta samu jami'a na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni sai da haƙorana suka fara zubewa na koyi riƙe biro, ga jinina zai karanta lissafin kuɗi. Ba a daɗe ba sai ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa. Wai darasi ɗaya a saman bene ake yin sa, babu hanyar keke, kuma wanda bai cika shiga aji ba, ba zai rubuta jarrabawa ba.

Na ce, "Shi ke nan damuwar? Gobe ina tafe."

Da safe na ɗauki zanena mai ƙarfi da majanyi, na hau trotro, motar hayarmu. Na same ta a gindin matakala, amma ba ita kaɗai ba. Masu keke, masu sanda, wata kurma tana ta zuba zance da hannu. Ashe ƙungiya gare su, ta ɗalibai masu lalura, har da ofis. Shugabansu wani makaho ne ɗan Asante mai karatun lauya, da farar sanda da takalmi yana ƙyalli.

Ban tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Na warware zane, na juya mata baya, na durƙusa.

"Kaka, tashi don Allah, ana kallo."

"A kalla mana. Bayan nawa ne. Hau."

Makahon ya ji motsi ya tambaya da yarensu na Twi me ke faruwa. Da aka gaya masa ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Sai ya juye Hausa, irin tasu ta kasuwa, yana ce min Nana, wato kaka: "Nana, ka yi haƙuri. A nan ba mu goyo."

Na ce, "Kai wa ya goye ka da kake hana na wasu?"

Ya ce, "Uwata mana. Amma in ka kai ta sama yau, gobe za su ce ai tana da kaka. Wanda ba shi da kaka fa?"

Na juya ga jikata. Na ce ke jarrabawa ce a gabanki, bar su da taronsu, hau mu tafi. Ta riƙe tayoyin kekenta gam.

"Tsohuwa, in kin mutu fa? Wa zai hau da ni wajen aiki?"

"Ke za ki riga ni, da wannan bakin."

"To kafin nan dai zauna."

Na zauna a kan dakali ina huci. Aikinsu kuwa, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Ba ihu, ba tare hanya. Duk wanda zai hau bene sai su gaishe shi baki ɗaya, su ce a gaida malam. Wasu ɗaliban suka wuce da gudu kamar an kama su da sata. Wasu suka taka ɗaya biyu suka dawo suka zauna tare da mu. Ran nan dai aka yi darasi a sama, jikata ba ta shiga ba. Na koma gida ban yi mata sallama ba.

Ranar darasi na gaba na sake zuwa, don in ba a gyara ba ni na san abin da zan yi. Masu zama a gindin matakala sun ƙaru. Malamin ya iso, wani dogo da jaka, ya tsaya yana kallonsu. Na miƙe kafin wani ya riƙe ni.

Na ce masa da Twi, "Ɗana, ko ka sauko da ajinka, ko in hau da ita. In na faɗi na mutu a matakalar nan, ka san mu 'yan Zongo ba ma ajiye gawa a firij. Yau ɗin nan za a cika maka makaranta da 'yan jana'iza."

Jikata ta rufe fuska da littafi. Malamin ya yi dariya ya ce, "Maame, kar ki mutu, ofishin ƙungiyarsu ya riga ya yi magana. An ba mu ɗaki a ƙasa."

Har yau muna musu. Ni na ce tsoron jana'iza ne, ita ta ce aikin ƙungiya ne, wai tun kafin in buɗe baki an gama. Oho dai.

Aka buɗe ɗakin, ƙofarsa daidai da ƙasa. Na kai hannu zan tura keken, ta buge min hannu. Ta murza tayoyinta ta shige tsakiyar mutane, ta nemi wuri a gaba. Na leƙa ta taga na ce ko ta ci abinci. Ba ta ko juyo ba, sai ta kaɗa min hannu ta baya kamar mai korar kaza.