Tsummokaran Hajo

Ranar da na auna Hajo ba ta taɓa fita raina ba, ko da na so ta fita. Ku da kuke riƙe da igiyar awo yau, ku ji.

Shekarar babban fari ne. Ni unguwarzoma ce a Filinge, ban san biro ba, amma duk ƙasar Kurfai an san hannuna. Shi ya sa manjo, wato babban ma'aikacin asibitinmu, ya ɗauke ni aikin awon mata, don namiji ba ya taɓa matar wani. Tsarin ke nan: in zagaya igiya a damtse da ƙugu, in danne wurin da farce, in nuna mishi, shi ya rubuta. Wadda ta rame a ba ta katin karɓar gero. Mai jiki a ce ta wuce.

Muka sauka wani gari a hanyar Sanam. Can Hajo take aure, ƙawata tun muna 'yan mata. A wurinmu ƙibar mace mutuncin mijinta ce, kuma Hajo ce ake kwatance da ita. Ta shigo bukka tana rangaji, fuska rufe da mayafi.

"Ke Tamo, har yanzu kina nan kamar sillen kara?" in ji ta.

Na ce, "Ɗago hannu, giwar mata."

Ta ƙi tuɓe riga, manjo daga waje ya ce in auna bisa tufa. Ina zagaya igiya na ji abin da hannuna ya taɓa. Ba nama ba ne. Tsummokara ne ta naɗe, damtse da ƙugu, ɗaya bisa ɗaya. Na dube ta. Ta riƙe mini wuyan hannu, yatsunta sanyi ƙalau.

"Mijina na ƙofa, da 'yan'uwanshi," ta ce a hankali. "Kada ki tsiraita shi."

Manjo ya ɗaga murya: "Inna, yaya?"

Na fita na nuna mishi inda farcena yake. Ya yi dariya, ya ce, "Wannan kam ƙiba ta yi mata yawa." Mijin ya gyara rawani. Ba ta samu kati ba.

Na ce a raina zan komo mata da nawa geron ranar kasuwa. Mota ta wuce da mu Abala, sai da muka yi sati uku.

Ko da na komo, Hajo ta rasu. Ni na yi mata wanka. Na kwance tsumma bakwai, na ɗauke ta ni kaɗai kamar jinjira.

Tun ran nan, mace ta shigo wurina sai na kori kowa daga ƙofa kafin in taɓa igiya. Mutanenmu sun fi tsoron idon mutane bisa ga yunwa. Igiya ba ta san haka ba. Hannuna ya sani, kuma na yi shiru.