Gatsa, Gaigaya da Zaizaya

Ruwan dam ɗin Bakolori ya ci ƙauyenmu tun ban fara gemu ba. Gida, gona, maƙabarta, duk suna ƙarƙashinsa. Abin da ya biyo baya na gani da idona, ba na son maganarsa. Maganar kakata Kulu zan yi.

Ba ta da haƙori ko ɗaya. In an yi sallar isha'i takan zauna bakin murhu, ta ɗauko magogi ta goge goronta, mu jikoki muna jira. In na tsokane ta cewa kusu ya fi ta haƙora, sai ta ce, "Kai maigidan banza, ko goro ba ka saye min, mi ya kai ka ga bakina?"

Tatsuniya ɗaya ta fi maimaitawa. Wai wata tsohuwa ta gina rumbu a gaɓar gulbi, ta cika shi da gero. Su uku suka sa masa ido: Kura, Kusu da Gulbi. Kura ta ɗauka nama ne ciki, ta zo da rana tsaka ta kafa masa haƙora, gats! Ta ɓalle gefe, aka kore ta da taɓarya. Daga wannan ƙarar, in ji Kaka, aka samo gatsa, cizo ɗaya mai tafiya da yanki. Kusu ya bi ta ƙasa, gai-gai-gai. Tsohuwa ta ji, ta aro kyanwa. Shi ne gaigaya.

Gulbi kuwa bai taɓa rumbun ba. Kullum safe yakan gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, yana lasar ƙasar da ke ƙarƙashi. Ba a jin komai sai zubar rairayi, zai, zai. A nan Kaka kan rage murya har sai mun matso jikinta. Wata safiya rumbu ya kife cikin ruwa. Shi ne zaizaya.

Na tambaye ta ko babu mai iya wa Gulbi. Ta ce akwai, jema. Ciyawar nan da ta jera a bakin gonarmu ta fadama, mai saiwar da kan nutse ta damƙe ƙasa.

"Mai cizo kana ganinai ka ɗauko sanda," in ji ta. "Wanga mai gaisuwa, sai dai ka riga shi dashe."

Ranar tashi daga ƙauyen mutane na kwasar ƙofofi da azara da tukwane. Ita ta haƙo tushen jema da lakarsa, ta cika kwando, ta aza min a ka. Babana ya ce wa ke ɗaukar ciyawa ya bar turmi. Ta ce turmi ana sassaƙa wani. Ya ƙyale ta, uwarsa ce. Na yi ta ƙunƙuni har tudun da aka ba mu wajen Maradun. Duk ranin nan da ruwan alwalarta ta rayar da jemar a bayan ɗaki.

Gonar da muka samu gangare ce, kuma ita kaɗai gare mu. Ruwan farko ya tsaga ta da ɗan rami kamar sawun maciji. Babana ya ce ba komai. Kaka ta ce in durƙusa in saurara. Na ji rairayi na zuba. Ta sa na tsattsaga tushen, muka dasa layi a gicciye, tana dogara sanda tana min faɗa.

Ba ta ga damina ta biyu ba. Ramin ya zama kwazazzabo, ya cinye gonakin da ke gefenmu, masu su suka tafi leburanci Talata Mafara. A layin jemarta ya tsaya.

Ban yi boko ba, ban san ko can ne asalin kalmomin ba. Na dai san an gatsa mu sau ɗaya, duniya ta ji kukanmu. Abin da ya ƙarar da mutanenmu daga baya ba shi da ƙara.

Ina nan kan tudun, ina noman gonar. Haƙorana sun bi nata. Da magoginta nake goge goro.